Ƙadangaren tekun Galapagos ba ya tofa dafi

Wanda ya ga hoton ƙadangaren teku na tsibiran Galapagos da ke ƙasar Ekwado, baƙi ƙirin da ƙayoyi a gadon baya, yana fesar da wani ruwa ta hanci, sai ya ce lalle mugun dafi ne. An daɗe ana yi masa kallon mummunar halitta. Masanin halittu ɗan Ingila Charles Darwin ma da ya je can a 1835 ƙyamarsa ya yi.

To, gishiri ne kawai. Abincinsa gansakukar da ke manne a duwatsun teku, yana kankarar ta da haƙora yana haɗiyar ruwan gishiri. Wasu ƙullutai kusa da hancinsa ke tace gishirin daga jini, shi kuma ya yi atishawa ya fitar. Farin ɓawon da ake gani a kansa, gishirin ne ya bushe.

Ba ya numfashi a cikin ruwa, riƙe numfashi yake yi. Galibi manyan maza ne ke nutso, mata da ƙanana sai ruwa ya janye su ci a gaɓa. Ruwan kuwa da sanyi, shi ya sa in ya fito yake baje wa a kan dutse ya sha hantsi kafin jikinsa ya saki.