Waiwaye: Kafin a fesa wa sama farar wuta

Muhawarar da ake tafkawa kan fesa ƙurar farar wuta a can ƙololuwar sararin samaniya domin rage zafin rana ba yau ta fara ba. Masanin Rasha Mikhail Budyko ya kawo shawarar tun 1974, masanin sinadarai Paul Crutzen ya farfaɗo da ita a 2006, kuma hujjar da aka fi kafawa ita ce aman wutar dutsen Pinatubo na Filifin a 1991, wanda ƙurar farar wutar da ya watsa sama ta rage zafin duniya da kusan rabin digiri. Manomin Daura ba zai yi mamaki ba, domin yana ganin yadda hazo ke dusashe rana da hunturu.

Wanda ba a cika ambata ba shi ne dutsen El Chichón na Meksiko, da ya yi aman wuta a 1982, ƙurarsa kuma ta fi taruwa a arewacin duniya. Bincike ya nuna daga baya cewa iskar ozon, wadda ke tare hasken rana mai ƙona fata da lalata ido, ta ragu, saboda ƙwayoyin farar wutar sun buɗe wa sinadarin kulorin da ke fita daga gas ɗin firji hanyar cin ta. Hakan ya faru tun kafin a sanar da ramin ozon na Antaktika, wato raguwar ozon sosai a saman yankin ƙanƙara na ƙarshen kudancin duniya, a 1985, balle yarjejeniyar Montreal ta 1987 da ta taƙaita amfani da sinadaran da ke cin ozon.

Sai daminar 1983 da ta 1984 suka gaza, gero ya bushe a gona daga karkarar Katsina har Maraɗi da Damagaram. Ba za a ɗora wa dutse ɗaya laifin ba, tun da farin ya riga shi somawa, kuma masana sun danganta shi da hayaƙin farar wuta na masana'antun arewacin duniya. Amma binciken masanin yanayi Jim Haywood da abokan aikinsa na 2013 ya nuna cewa idan aka fesa ƙurar a arewacin duniya kaɗai, gajimaren damina zai ja kudu ya bar Sahel a bushe, idan kuwa a kudancin duniya aka fesa, ruwan zai ƙaru. A ganina matsalar wannan shawara ta feshi ta samo asali ne daga auna nasara da matsakaicin zafin duniya, lissafin da ba ya nuna gonar da ruwa ya tsallake.

Sai a 2022 rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya kan ozon ya ware wa batun babi, inda ya yi gargaɗin cewa feshin zai iya jinkirta toshewar ramin Antaktika da ake sa rai wajen 2066.