Waiwaye: Daga Bayan Zango Zuwa Bencin Baya

Duk wanda ya daɗe yana sujada a sashen Hausa na majami'un Legas, a Agege ko Obalende ko wajen Mile 12, ya san abin da ake kira horo. Dattawa su zauna, ranar Lahadi a yi sanarwa: wance ta yi ciki ba aure, wane ya taɓa kuɗin ikilisiya. A hana mutum Jibin Ubangiji, a dakatar da shi daga mawaƙa ko zumunta, a wani wurin har a nuna masa bencin baya. In ka nemi hujja, sau da yawa sai a ce maka ai ko zamanin Musa ana fitar da marar tsarki bayan zango. Gaskiya ne, ana fitarwa. Amma wa ake fitarwa, kuma yaya yake dawowa?

Tushen maganar yana cikin Littafin Firistoci, sura 13 da 14. Mutum ya ga tabo a fatarsa, sai a kai shi wurin firist. In abin bai fito fili ba, a keɓe shi kwana bakwai, a sake dubawa, in da hali a ƙara bakwai. In ta tabbata, sai ya sa yagaggun tufafi, ya rufe leɓensa na sama, yana shelar cewa ba shi da tsarki, ya zauna shi kaɗai bayan zango. Masana sun daɗe da lura cewa wannan ciwo ba lallai ne kuturtar da muka sani ba, tunda dokar ta ce yana kama tufa, yana kama bangon gida.

Abin da muke yawan tsallakewa shi ne, a cikin irin waɗannan dokoki na Musa rashin tsarki ba laifi ba ne. Mai jego tana jiran kwana 40 in namiji ta haifa, 80 in mace ce, kafin ta shiga wuri mai tsarki. Wanda ya taɓa gawa ya ƙazantu kwana bakwai, alhali binne mahaifi wajibi ne a kansa. Maryamu uwar Yesu ma ta je Haikali da hadayar talaka domin tsarkakewa, kamar yadda Luka ya faɗa a sura 2. Ba wanda ya ce wa ɗayansu ya tuba.

Sura 14 ita ce ta fi taɓa ni. Ranar da mutum ya warke, ba shi ne zai zo ƙofar zango yana roƙo ba. Firist ne zai fita ya same shi can inda yake. A kawo tsuntsaye biyu masu rai, da itacen al'ul, da jan zare, da ɗaɗɗoya. A yanka ɗaya a kan ruwa cikin kasko, a tsoma ɗayan a jinin, a yayyafa wa mutumin sau bakwai, sannan a saki mai ran ya tashi cikin saura. Ya yi aski, ya yi wanka, ya shigo. A rana ta takwas a shafa masa jini da mai a kunnen dama, da babban yatsan hannu, da na ƙafa, wuraren da aka shafa wa Haruna jini ranar da aka naɗa shi firist. In kuwa matalauci ne, dokar ta rage masa: ɗan rago ɗaya da kurciyoyi biyu sun isa. Hanyar dawowa ta sami ayoyi masu yawa, an tsara ta daki-daki, har an yi tunanin aljihun talaka.

To daga ina aka haɗa ciwon da zunubi? Daga labarai kamar na Gehazi da ya bi Na'aman don kwaɗayi, da sarki Uzziya da ya shiga ƙona turare a Haikali ya ƙare rayuwarsa a gidan keɓewa, da Maryamu 'yar'uwar Musa da ta yi maganarsa. A nan hukunci ne, ba musu. Amma ko a labarin Maryamu, Littafin Ƙidaya sura 12 ya ce jama'a ba su tashi daga masaukinsu ba sai da kwana bakwai ɗinta suka cika aka shigo da ita. Dauda kuma, bayan annabi Natan ya tsare shi kan matar Uriya, ya ari harshen firistoci a Zabura 51, ya roƙi a tsarkake shi da ɗaɗɗoya. Ta nan wankin jiki ya zama hoton wankin zuciya.

Yesu ya miƙa hannu ya taɓa kuturu, sannan ya aike shi wurin firist, don jama'a su karɓe shi bisa doka. Bulus ya umarci Korantiyawa su fitar da mutumin da ke zaune da matar ubansa, amma a wasiƙa ta biyu, sura 2, ya roƙe su su yafe wa wanda suka hora, su ta'azantar da shi, kada baƙin ciki ya haɗiye shi. Ikilisiyar farko ta sha gardama kan wannan. Bayan tsanantawar sarki Desiyus a shekara ta 250, Novatiyan, wani dattijon ikilisiya a Roma, ya ce waɗanda suka yi musun bangaskiya ba su da hanyar komowa. Sifiriyan, bishop na Kartaj, nan Arewacin Afirka, ya ce suna da ita bayan tuba, kuma ra'ayinsa ne ya rinjaya.

Kutare ne suka daɗe suna ɗaukar nauyin mummunar fahimta. A 1873 likita Hansen na Norwe ya gano ƙwayar cutar, aka san ba la'ana ba ce. A ƙasarmu 'yan mishan sun riƙe wuraren jinyarsu a Garkida, da Yadakunya a Kano, da Amanawa a Sakkwato, da Babbar Ruga a Katsina, kuma wasu daga cikin Kiristocin Hausa na farko daga can suka fito. Tun 1995 maganin kuturta kyauta ne. Duk da haka, je ka Oko Baba a Ebute Metta ka ga 'yan Arewa da suka warke tuntuni amma ba su da fuskar komawa garinsu.

Legas ta ga amfanin keɓewa da idonta. A Yulin 2014 Dakta Stella Adadevoh ta ƙi sallamar Patrick Sawyer da ya shigo da Ebola daga Laberiya, ita ma cutar ta kashe ta. An bi waɗanda suka yi hulɗa da marasa lafiya kwana 21, kuma a ranar 20 ga Oktoba aka ce ƙasar ta rabu da cutar. Wannan keɓewa tana da wa'adi, da masu leƙawa kullum, da ranar sallama.

Ban ce a daina horo ba, Matiyu sura 18 ta ba ikilisiya wannan iko, bayan an fara samun mutum a keɓe. Damuwata ita ce halin ɗan Arewa a Legas. Yarinyar da ta zo aikatau daga Zangon Kataf, ko saurayi ɗan acaɓa daga Michika, ba su da kawu ko gwaggo a kusa. Majami'a ce danginsu, a nan suke jin Hausa, a nan ake sanin in sun kwanta ciwo. In aka sa su horo ba a faɗi wa'adi ba, ba a kuma ɗora wa kowa alhakin zuwa ɗakinsu ba, ƙarshenta sukan sulale, wata uku ba wanda ya tambaya. Roƙona ga iyayenmu dattawa shi ne, ranar da za a karanta sanarwar horo, a faɗi ranar da za a sake zama kan maganar, a kuma ambaci dattijo ko uwar zumunta da za ta riƙa zuwa wurin mutumin har ranar ta zo.