Me ya sa aka kori Yahudawa daga Sifaniya a 1492?

Idan ana hirar Andalus a wajenmu, labari yakan tsaya ne a ranar 2 ga Janairu 1492, ranar da Sarki Abu Abdullahi, sarkin Musulmi na ƙarshe a Andalus, ya miƙa makullan birnin Garnaɗa ga sarakunan Kirista, Sarki Fardinan na Aragon da matarsa Sarauniya Isabela ta Kastil. Amma kafin a cika wata uku, a cikin wannan birni aka sa hannu a wata takarda da ta raba wata al'umma da ƙasar da ta zauna sama da shekara dubu.

Me takardar ta ce?

An sa mata hannu ranar 31 ga Maris 1492. Ta bai wa duk Bayahuden da ke ƙasashen Kastil da Aragon wa'adi zuwa ƙarshen Yuli: ko ya karɓi baftisma ya zama Kirista, ko ya fita, in ya dawo a kashe shi. An yarda ya sayar da kayansa, amma ban da fita da zinariya ko azurfa ko tsabar kuɗi. To, wa zai saya da daraja a hannun wanda kowa ya san ranar tafiyarsa? Wani limamin coci na lokacin, Andres Bernaldez, ya rubuta cewa ya ga ana ba da gida a karɓi jaki, a ba da gonar inabi a karɓi 'yar ƙyalle. Masana tarihi sun sha bamban kan yawan waɗanda suka fita, daga mai cewa dubu 40 zuwa mai cewa dubu 200.

Wane laifi aka ce sun yi?

Takardar ba ta ce sun yi tawaye ko sun ƙi biyan haraji ba. Hujjarta ita ce suna jan hankalin 'yan uwansu da suka riga suka shiga Kiristanci su koma addinin kakanni. Su kuwa waɗannan sababbin Kiristoci, akasarinsu da takobi a wuya suka shiga. A watan Yuni 1391, bayan wani babban limami mai suna Ferran Martinez ya shafe shekaru yana zuga jama'a a huɗubobinsa, aka far wa unguwar Yahudawa a Ishbiliya. Wutar ta bazu zuwa Kurɗuba da Toledo da Balansiya da Basalona. Dubbai suka mutu, dubbai suka karɓi baftisma don su tsira da rai. Ka ga ke nan, an tilasta wa mutum addini, bayan shekara ɗari kuma ana mamakin cewa jikokinsa na ɗasawa da danginsu.

Wanda ya zama Kirista ya huta ke nan?

Ina! Nan ne ma abin ya sauya kama, kuma a ganina nan ne ya fi cancanta a tsaya. A da, ƙiyayyar ta addini ce, kuma tana da ƙofar fita ko da mai ɗaci ce: ka bar addininka a ƙyale ka. Da tubabbun, wato Yahudawan da suka shiga Kiristanci, suka yi yawa, wasunsu suka zama alƙalai da 'yan majalisar gari har da limaman coci, sai aka rufe ƙofar. A 1449 birnin Toledo ya kafa dokar hana duk mai asalin Yahudawa riƙe muƙami, komai kyan Kiristancinsa. Wannan ne mafarin abin da suka kira “tsarkin jini”. Daga baya sai mai neman shiga wasu makarantu ko ƙungiyoyin coci ya kawo shaidu a kan kakannin kakanninsa. A bakin titi kuwa sunan tubabbe “marrano”, wato alade.

Sai kotun binciken aƙida, wadda Fafaroma Sikstus na huɗu ya ba da izinin kafawa a 1478. Ta fara ƙona mutane a Ishbiliya a 1481, kuma a 1483 aka naɗa Tomas de Torkemada shugabanta. Ita ba ta da iko a kan Bayahuden da bai taɓa yin baftisma ba, tubabbun take farauta. Maƙwabci ko baranya kan kai ƙara cewa wance tana sauya tufafi ranar Juma'a da yamma, ko gidan wane ba a cin naman alade, ko ba a ga hayaƙi a madafarsu ba ranar Asabar, ranar hutun Yahudawa. Duk waɗannan ana ɗaukarsu alamun bin addinin Yahudawa a ɓoye. Wanda ake tuhuma ba a gaya masa wanda ya kai shi, kuma in an same shi da laifi dukiyarsa ta tafi.

Kalmar da Turawa ke kiran ƙin jinin Yahudawa da ita a yau, wato “antisemitism”, sai wajen 1879 ta yaɗu a Jamus. Amma tunanin cewa aibin yana cikin jini, wanda dokokin 'yan Nazi na 1935 suka tsaya a kai, ya girme ta da ƙarni huɗu.

Gaskiya ne an kama su da kashe yaro?

An dai ƙona mutane a kan haka. A watan Nuwamba 1491, a garin Abila, aka kashe wasu Yahudawa da tubabbu bisa zargin sun gicciye wani yaro Kirista a ƙauyen La Gwardiya don yin tsafi da zuciyarsa. Da azaba aka sa su amsa laifi. Ba a ga gawa ba, kuma ba a sami iyayen da suka ce ɗansu ya ɓace ba. Bayan wata huɗu da 'yan kwanaki aka sa hannu a takardar kora.

Ƙagen tsoho ne. An fara jin sa a garin Norwich na Ingila a 1144, kuma tun 1247 Fafaroma Inosen na huɗu ya ƙaryata shi a rubuce. Ɗan uwan wannan ƙage shi ne na zuba guba a rijiyoyi lokacin babbar annobar 1348, wanda ya sa aka ƙona ɗaruruwan Yahudawa a Strasbourg a Fabrairun 1349, duk da Fafaroma Kilemen na shida ya tunatar da mutane cewa su ma annobar tana kashe su.

Zargin da ake musu na ba da bashi da ruwa fa?

Akwai masu yi, amma tsiraru ne. Coci ta hana Kirista cin riba, a wurare da yawa na Turai kuma an hana Bayahude mallakar gona da shiga ƙungiyoyin sana'a. Sarakuna suka riƙa ba wasunsu aikin karɓar haraji, talaka ya ga fuskar mai karɓa bai ga ta mai ci ba. Yawancin Yahudawan Sifaniya teloli ne da dukawa da masaƙa da ƙananan 'yan tireda.

A ƙarƙashin mulkin Musulmi ba su ga irin wannan ba?

Sun fi samun sarari, wannan ba gardama. Suna biyan jizya a matsayin ahlul zimma, kuma wasunsu sun kai ƙololuwa: Hasdai bin Shaprut likita ne kuma jakadan Halifa Abdurrahman na uku a Kurɗuba, Sama'ila bin Nagrila kuma ya yi waziri a Garnaɗa. Sai dai a wannan Garnaɗa aka kashe ɗansa Yusuf a 1066 tare da ɗimbin Yahudawan gari. Da Muwahhiduna, wata daular Musulmi daga Maroko, suka ci Kurɗuba a 1148, iyalin Musa bin Maimun, shahararren malamin Yahudawa, suka gudu, ya ƙare rayuwarsa yana likita a Masar.

Akwai ma ɓangaren da ya matso kusa da mu. A cikin shekarun 1490 aka rushe wurin ibadar Yahudawa na Tamantit a yankin Tuwat, cikin Aljeriya ta yau, bisa jagorancin Shehu Magili, malamin da ya zo Kano ya rubuta wa Sarki Muhammadu Rumfa nasiha kan mulki. Alƙalin Tuwat na lokacin, Abdullahi al-Asnuni, bai yarda da fatawarsa ba.

Ina korarrun suka nufa?

Da yawa sun tsallaka Fotugal, inda a 1497 Sarki Manuwel ya yi musu baftismar dole. Wasu suka nufi Fas a Maroko, wasu Italiya. Waɗanda suka fi dacewa su ne suka isa daular Turkawa, inda Sarki Bayazid na biyu ya buɗe musu ƙofa. Suka zauna a Istanbul da Salonika (cikin Girka ta yau), suna magana da tsohon harshen Sifaniya har ƙarni na 20, lokacin da 'yan Nazi suka kwashe kusan dukkan Yahudawan Salonika zuwa sansanonin kisa a 1943.

Musulmin da suka rage fa?

Gemun ɗan uwa ne ya kama da wuta. Yarjejeniyar miƙa Garnaɗa ta yi musu alkawarin masallatansu da shari'arsu, amma a 1499 aka fara baftismar dole da ƙona littattafan Larabci. A 1502 Musulmin Kastil suka sami irin zaɓin da aka ba Yahudawa. Kotun binciken aƙidar nan ta juyo kansu, dokar tsarkin jini ta hau su, sannan tsakanin 1609 da 1614 Sarki Filibus na uku ya kori kusan dubu 300 daga zuriyarsu, duk da baftismar.

An taɓa janye takardar 1492?

An soke ta a hukumance a 1968. A 2015 majalisar Sifaniya ta yi dokar bai wa zuriyar korarrun Yahudawa damar neman zama 'yan ƙasa. Zuriyar Musulmin da aka kora, waɗanda da yawansu ke Maroko da Tunisiya da Aljeriya, sun nemi a yi musu haka, dokar ba ta haɗa da su ba.