Oia: ƙauyen bakin dutse a tsibirin Santorini

Oia, wanda Girkawa ke kira "Iya", ƙauye ne a can ƙuryar arewa maso yammacin Santorini, ɗaya daga tsibiran Cyclades da ke tekun Aegean a ƙasar Girka. Tsakaninsa da Fira, babban garin tsibirin, kimanin kilomita 11 ne. Mazaunansa na dindindin ba su kai 2,000 ba, amma daga Yuni zuwa Satumba baƙin da ke shiga cikinsa a yini guda sukan ninka wannan adadi. Fararen gidaje, coci-coci masu shuɗiyar ƙubba da kallon faɗuwar rana su ne suka yi masa suna. Yawancin masu zuwa ba sa kwana. Yini ɗaya suke yi, wasu ma 'yan sa'o'i.

Inda ƙauyen yake

Santorini saura ne na wani dutse mai aman wuta da ya yi mummunar fashewa wajen shekara 1600 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Tsakiyar tsibirin ta rufta, teku ya cike ramin, abin da ya rage ya zama kamar jinjirin wata. A kan leɓen wannan rami aka gina Oia, gidaje na bin gangaren hawa-hawa, rufin na ƙasa ya zama farfajiyar na sama. Daga ƙauyen ana hangen tsibirin Thirasia, da tsibirin Nea Kameni mai baƙin dutse a tsakiyar ruwan, wanda ya yi amansa na ƙarshe a 1950.

Tarihi

A da ana kiran wurin Apano Meria. Masu mulki 'yan asalin Venice sun gina ganuwar Agios Nikolaos a ƙarni na 15 don tsaro daga 'yan fashin teku. Bayansu tsibirin ya shiga hannun Daular Usmaniyya, kafin ya zama yankin ƙasar Girka a ƙarni na 19. A ƙarshen wannan ƙarni ne ƙauyen ya yi tashe. Jiragen ruwan mutanensa masu tafiya da iska, fiye da ɗari, suna jigilar kaya tsakanin Rasha da Iskandariya, kuma giyar inabin Santorini tana cikin manyan kayan da suke fitarwa.

Arzikin teku ya raba ƙauyen gida biyu, kuma rabon yana nan a bayyane ga mai lura. Masu jirage sun gina manyan gidaje masu bene a kan tudu, inda ƙasa take a shimfiɗe. Matuƙa da 'yan ƙwadago kuwa sai suka haƙa ɗakuna a jikin gangaren, domin tokar dutsen da ta daskare ba ta da wuyar haƙa, ba ta kuma buƙatar azara, a tsibirin da itace ya yi ƙaranci. Ɗaki ne dogo, siriri, mai rufin baka, da ƙofa ɗaya da tagogi a fuska, sanyi lokacin zafi, ɗumi lokacin hunturu. Waɗannan kogunan talakawa su ne yau otal-otal mafi tsada a ƙauyen.

Zuwan jiragen tururi ya karya kasuwar masu jiragen iska, mutane suka fara ƙaura zuwa Piraeus, tashar jiragen ruwa ta birnin Athens. Girgizar ƙasa ta 9 ga Yulin 1956 ta rushe gidaje da yawa, ta ƙarasa abin da ya saura, har mazauna suka koma 'yan ɗaruruwa. Daga 1976 hukumar yawon buɗe ido ta Girka ta shiga gyaran tsofaffin gidaje tana mai da su masauki. Daga nan Oia ta yanzu ta faro.

Yadda yini yake tafiya

Ana isa da bas daga Fira cikin kimanin rabin sa'a. Masu ƙarfin ƙafa sukan bi turbar bakin gangaren ta ƙauyukan Firostefani da Imerovigli, tafiyar kilomita 10 da ke cin sa'a uku zuwa huɗu, babu inuwa, don haka da sassafe ake kama ta. Mota ba ta shiga tsakiyar ƙauyen. Babban titinsa, Nikolaou Nomikou, na masu tafiya a ƙasa ne, an shimfiɗe shi da marmara, kuma yana ratsawa ta dandalin cocin Panagia Platsani, wanda aka sake ginawa a nan bayan girgizar ƙasa ta rusa na asali a cikin ganuwa.

Safiya ita ce lokacin ganin ƙauyen da kansa. Kafin ƙarfe tara lunguna shiru suke, sai masu shara da masu kai kaya shaguna. Da hantsi bas-bas ɗin fasinjojin manyan jiragen shaƙatawa suke sauke mutane, nan da nan layi ya kafu a lungun da ake ɗaukar hoton shuɗɗan ƙubbobin cocin Anastasi da na Agios Spyridon. Wurin tsayuwar bai wuce na mutum biyu ko uku ba. Mazauna sun lilliƙa sanarwa a bango suna roƙon baƙi kada su hau rufin coci ko na gidajen mutane. Gidan tarihin harkokin teku, wanda ke cikin tsohon gidan wani mai jirgi, bai cika samun cunkoso ba, alhali a nan ne ake ganin kayan aikin matuƙa da hotunan zamanin da ya gina ƙauyen.

Da rana ta take, da yawa sukan gangara Ammoudi, 'yar tashar ruwa da ke ƙarƙashin jan dutse, ta matakala kusan 300. A nan ake cin kifi a bakin ruwa, tare da abincin tsibirin: faba, wato markaɗaɗɗen wake mai launin rawaya da man zaitun, da soyayyen ƙullin tumatir. Saukar ba wuya, hawan ne aiki. Akwai jakuna da alfadarai na haya, kuma bayan ƙorafin masu kare haƙƙin dabbobi gwamnati ta hana a ɗora musu abin da ya haura kilo 100 tun 2018.

Da la'asar sakaliya kowa ya nufi kangon ganuwar Agios Nikolaos, daga inda ake hangen tsofaffin injinan niƙa masu aiki da iska da rana tana nutsewa a teku. A Yuli da Agusta sai an kama wuri sa'a ɗaya ko biyu kafin lokaci. Da rana ta ɓace sai a kaure da tafi, sannan dubban mutane su doshi tashar bas ta lunguna masu faɗin hannu biyu. Gaskiya, faɗuwar rana daga Imerovigli ba ta gaza ta Oia kyau ba, kuma babu turereniya.

Matsalolin yau

Tsibirin ba shi da kogi. A da kowane gida yana tara ruwan sama a rijiyar siminti, yanzu kuwa ana dogara da injinan cire gishiri daga ruwan teku, ga shi otal-otal sun cika da wuraren ninƙaya. Tsadar haya ta sa ma'aikata da malaman makaranta na shan wuyar samun muhalli. A 2025 hukumomi sun ƙayyade fasinjojin jiragen shaƙatawa da za su sauka Santorini zuwa 8,000 a rana, tare da harajin Yuro 20 a kan kowane mutum a tsakiyar kakar baƙi. A farkon shekarar 2025 ɗin ma an yi makonni ana jerin ƙananan girgizar ƙasa a teku tsakanin Santorini da tsibirin Amorgos, aka rufe makarantu, aka hana sauka Ammoudi saboda tsoron zaftarewar duwatsu, dubban mutane suka bar tsibirin na ɗan lokaci.