William Sherley Williams (Tsoho Bill)

William Sherley Williams (1787–1849), wanda aka fi sani da Tsoho Bill Williams, Ba'amurke ne da ya fara rayuwa a matsayin mai wa'azin Kirista, ya zama tafinta a wajen ƙabilar Osage ta 'yan asalin Amurka, daga baya ya shahara da ɗana tarko da yi wa matafiya ja-gora a duwatsun yammacin Amurka.

Tasowa da wa'azi

An haife shi ranar 3 ga Janairu, 1787 a gundumar Rutherford ta jihar Karolina ta Arewa. Wajen 1795 iyayensa suka yi ƙaura zuwa kusa da St. Louis, lokacin yankin yana hannun Sifen. Tun yana saurayi ya hau doki yana bin ƙauyuka yana wa'azi. Wasu majiyoyi sun ce ɗan ɗarikar Methodist ne, wasu sun ce Baptist.

Zama da Osage da iyali

Wa'azin ne ya kai shi ƙasar Osage, a yammacin jihar Misuri ta yau, da niyyar jawo su ga addininsa. Abin ya juye: bai samu mabiya na a zo a gani ba, shi ne ma ya koyi harshensu sosai, ya ɗauki al'adunsu, ya zauna cikinsu shekaru da dama. Ya auri 'yar ƙabilar mai suna A-Ci'n-Ga, suka haifi 'ya'ya mata biyu, Mary Ann da Sarah.

Ko da ya bar wa'azi, bai rabu da aikin mishan ba. Sa'ad da aka buɗe mishan ɗin Harmony a 1821, shi ya yi wa 'yan mishan tafinta, ya taya su tattara kalmomin Osage da juya wasu sassan Littafi Mai Tsarki. A 1825 kuma ya yi tafinta a yarjejeniyar da Osage suka amince wa gwamnatin Amurka ta fitar da hanyar fatake ta Santa Fe ta cikin ƙasarsu. Ana kyautata zaton matarsa ta rasu kafin wannan shekara, kuma bayan rasuwarta ne ya nufi yamma.

Zuriyarsa ta ci gaba a cikin Osage. 'Ya'yan nan biyu wani maƙeri ɗan kasuwa, John Allen Mathews, ya aura, ƙanwar bayan rasuwar yayar. Daga wannan gida aka samu John Joseph Mathews, marubuci kuma ɗan majalisar ƙabilar Osage, wanda aka haifa a 1894. Wannan ɓangare na rayuwar Williams ya cancanci kulawa fiye da yadda labaran jarumta suka saba ba shi, domin shi ne abin da ya bari wanda ya ɗore.

Sana'ar tarko

A 1825 ya shiga ayarin George Sibley da ya auna hanyar fatake ta Santa Fe, ya isa Taos, wadda a lokacin tana ƙarƙashin Meziko. Daga nan ya koma farautar biba, dabbar ruwa mai datse rafi da itatuwa, wadda ake yin hulunan manya da gashinta a Turai da Amurka. Akan nutsa tarkon ƙarfe a bakin ruwa, a shafa wa wani tsinke ƙamshin da ake cirowa daga jikin dabbar don ya jawo 'yar'uwarta. Kaka da bazara ne lokacin aikin, sa'ad da gashin ya yi kauri. Williams ya fi son fita shi kaɗai, ba ya faɗa wa kowa inda yake samun fatu. Kasuwar ta faɗi daga ƙarshen shekarun 1830, da hular siliki ta shigo, biba kuma ta yi ƙaranci. Ana danganta shi da kwasar dawaki daga Kalifoniya wajen 1840.

Tafiyar Frémont da rasuwa

A Nuwamba 1848 John C. Frémont, wani mai binciken ƙasa, ya ɗauke shi ja-gora a Pueblo, don neman hanyar da layin dogo zai ratsa duwatsu. Ayarin ya maƙale cikin dusar ƙanƙara a duwatsun San Juan na Kolorado, alfadarai suka mutu, mutum 10 suka halaka saboda sanyi da yunwa. Frémont ya ɗora wa Williams laifi. Wasu daga cikin 'yan ayarin sun ce Frémont ne ya ƙi jin shawara, kuma masana tarihi sun rabu a kai.

A Maris 1849 ya koma tare da likita Benjamin Kern don kwaso kayan da aka bari. A hanya aka kashe su biyun, kuma galibi ana cewa mayaƙan ƙabilar Ute ne, waɗanda sojojin Amurka suka kai wa hari ba da daɗewa ba. Yana da shekara 62.

Sunansa a yau

Garin Williams a jihar Arizona, da dutsen Bill Williams da kogin Bill Williams, duk sunansa suka ci.