Dala 100 a ƙofar Devil's Lake? Abin da dokar gandun jihar Wiskonsin ta ce da abin da aka ƙara mata

Ana ta yaɗa cewa yanzu duk baƙon da ya je gandun shaƙatawa a Amurka sai ya biya dala 100, wai kuma a bakin ƙofa za a ce ya fito da fasfo. Maganar ta fi tayar da hankalin masu baƙi daga gida, kamar wanda mahaifiyarsa ko surukarsa ta zo ganin jika, yana son ya fita da ita ta sha iska a bakin tafki. Ruwa ba ya tsami banza, akwai inda zancen ya samo asali. Sai dai an ɗauki dokar wani wuri an jingina wa wani.

A ranar 3 ga Yulin 2025 Shugaba Donald Trump ya sa hannu a kan umarnin ƙara wa baƙi 'yan ƙasashen waje kuɗin shiga gandayen gwamnatin tarayya. Ma'aikatar harkokin cikin gida ta fitar da tsarin a watan Nuwamba, ya fara aiki ranar 1 ga Janairun 2026. Wanda ba mazaunin Amurka ba ne, in ya kai shekara 16, zai biya ƙarin dala 100 a manyan gandaye goma sha ɗaya, cikinsu har da Yellowstone da Yosemite da Grand Canyon. Katin shekara kuma ya koma dala 250 gare shi, mazauna ƙasa na biyan 80. Iyakar abin ke nan, kuma duk a kan gandayen tarayya yake.

Gandun jiha kuwa na jiha ne. Majalisar jihar ce ke yi masa doka, hukumar jihar ce ke karɓar kuɗinsa, umarnin Washington bai taɓa farashinsa ba. Mu ɗauki Devil's Lake, kusa da garin Baraboo a jihar Wiskonsin, tun da shi ne gandun da ya fi kowanne cika a jihar, kuma mutanen Madison da Milwaukee da Shikago can suke nufa idan zafi ya shigo. An buɗe shi a 1911. Tafki ne mai kimanin eka 360, tsakanin duwatsu masu tsayin ƙafa 500, da hanyoyin tafiyar ƙasa kusan mil 29. Kada sunan ya firgita kowa: mutanen Ho-Chunk, masu wurin tun asali, tafki mai tsarki ko tafkin ruhi suke kiransa da harshensu, Turawan da suka zo daga baya ne suka karkatar da fassarar ta koma ta Shaiɗan.

A nan mota ake caja, ba mutum ba. Hukumar albarkatun ƙasa ta jihar, DNR, ta ce duk motar da za ta tsaya a cikin gandu sai da shaidar biya. Ko mutum ɗaya ne a ciki ko bakwai, kuɗin ɗaya ne. Wanda ya shigo da ƙafa ko a kan keke ba ya biyan kuɗin ƙofa. Farashin kuma kashi biyu ne, kuma abin da ke raba su shi ne lambar mota. Farashin yini da aka sa wa Devil's Lake a 2018 shi ne dala 13 ga mota mai lambar Wiskonsin, dala 16 ga mai lambar wata jiha. Sitikar shekara dala 28 ce ga lambar Wiskonsin, ta waje ta fi haka tsada. Ɗan jihar da ya kai 65 yana da rangwame, mota ta biyu ta gida ɗaya ma haka.

Wannan batu na lamba shi ne ya fi rikita mutane, domin kalmar “ɗan waje” a allon ƙofa ba ta nufin abin da kunnenmu ya saba ji. Ba'amurken da aka haifa a Shikago, in ya zo da motarsa mai lambar Illinois, shi ne ɗan waje. Hajiyar da ta sauka daga Kano makon jiya, tana zaune a motar ɗanta mai lambar Wiskonsin, farashin 'yan gida aka biya mata, kuma ƙa'idar ba ta ambaci fasfonta ko bizarta ba. Inda abin ke ɗan cizo shi ne motar haya. Za ka iya zama a Madison shekara ashirin, ka karɓi motar haya don ta ɗauke iyali duka, sai ka tarar lambarta ta Florida ce. Ma'aikacin ƙofa lamba yake kallo. Wanda zai yi haya ya duba lambar tun a wurin karɓa.

Akwai wani abu da ke ƙara dagula zancen. Devil's Lake na cikin wurare tara da majalisar tarayya ta haɗa a 1964 don adana alamomin zamanin ƙanƙara, shi ya sa ake karɓar katin gandayen tarayya a ƙofarsa a madadin sitika. Wasu da suka ji haka sai suka ɗauka ai gandun na tarayya ne, don haka dala 100 ta hau kansa. Alfarma ce kawai ake yi wa mai katin. Wanda ba shi da shi ya biya farashin jiha ya wuce.

Tun 1 ga Janairun 2025 sitikar shekara tana aiki wata goma sha biyu daga watan da aka saye ta. Da can, ko a Oktoba ka saya, ranar 31 ga Disamba ta mutu. Gyara ne mai kyau, ya ma daɗe bai zo ba. Amma sitikar ba ta da amfani sai an manna ta da gam ɗinta a cikin gilashin gaba, gefen direba. Wanda ya ajiye ta a kan dashbod, ko ya liƙa ta da salatif don ya riƙa ba ɗan'uwansa aro, a idon doka kamar bai saya ba ne. Ta mota ɗaya ce. Kuma ba ta yi maka alkawarin wurin ajiye mota ba: ranakun Asabar da Lahadi na lokacin zafi filayen gaɓar arewa da ta kudu kan cika tun kafin azahar.

To, me ke faruwa da wanda bai biya ba? Nan ma an zuzuta. Idan ka iso ba kowa a rumfar ƙofa, ba kyauta aka yi maka ba, akwai wurin biya da kanka, can za ka biya ka sa rasit inda za a gani ta gilashi. Wanda ya wuce bai yi haka ba zai dawo daga hawan dutse ya tarar da takarda a gilashinsa, ana neman kuɗin shiga da ƙarin dala 5. Shi ke nan a matakin farko. Sai wanda ya yi biris da takardar ko ya ƙi biya ne ake rubuta wa takardar tara, kuma ita ce ke da tsada, domin ta zama maganar kotu. Laifi ne na tara irin na karya ƙa'ida, amma ba wanda ke zaune da biza da zai so sunansa ya shiga kundin kotu a kan dala goma sha wani abu. A biya tun a ranar.

Ko tsarin na da adalci? Bambancin dala uku a yini, a farashin 2018, ba abin kuka ba ne, kuma hujjarsa a fili take. Tun kasafin 2015, zamanin Gwamna Scott Walker, aka cire tallafin kuɗin haraji daga gudanar da gandayen jihar, aka bar su su ci da kansu daga kuɗin ƙofa da na kwana. Abin da ke da nauyi shi ne iyali marasa ƙarfi da ba za su iya zuwa sai da mota ba, su ne ke ɗauke da abin da a da kowa ke haɗa hannu a kai. Sauƙin da ya rage musu shi ne ƙarshen makon farko na watan Yuni, da ake ɗage kuɗin shiga da na lasisin kamun kifi. Idan aka auna da dala 100 a kan kowane kai, na jihar wasa ne.

Dokar da ta fi kama mutanenmu a zahiri ba ta kuɗi ba ce, ta itacen wuta ce. Wanda ya san daɗin tsire da balangu a kan garwashin icce ba ya son gashin gas, sai ya cika but da itacen da ya sare a bayan gidansa. Ƙa'idar ta ce ba a shiga ƙasar hukumar da itacen da aka saro daga wurin da ya wuce mil 10, kusan kilomita 16, sai in na dillalin da ma'aikatar noma ta jihar ta tantance ne. Madison ta wuce mil 10 nesa ba kusa ba, balle Shikago. Ana kuma kallon inda aka sare bishiyar ne, ba shagon da ka saya ba. Ɗaurin icce a gidan mai da ke bakin hanya na iya zama daga wata jiha aka kawo shi, don haka a duba takardar da ke jikin ɗaurin kafin a biya, kuma a bar ta a jiki har a gama ƙonawa.

Dalilin wani ɗan koren ƙwaro ne mai sheƙi da ya shigo daga Asiya. An fara gano shi kusa da Detroit a 2002, ya bayyana a Wiskonsin a 2008. Tsutsarsa na zama a ƙarƙashin ɓawon bishiyar ash tana cin sashen da ke kai ruwa da abinci, cikin 'yan shekaru bishiya ta bushe a tsaye. In ka ɓare ɓawon icen da ya kamu za ka ga zane-zane a murɗe kamar sawun maciji, a waje kuma 'yan ramuka masu siffar harafin D, inda ƙwaron ya fito. Da fikafikansa ba ya nisa a shekara. A but ɗin mota kuwa mil ɗari biyu tafiyar rabin yini ce. Shi ya sa aka yi ta matse iyakar, daga mil 50 zuwa 25, sannan 10 a 2014.

Kuskure biyu ake yi a nan. Na farko, “ai icena ya bushe, shekara biyu yana jingine”. Gaskiya ne ajiye icce shekara biyu na cikin hanyoyin da aka yarda da su, kamar yadda gasa shi har zafin cikinsa ya kai digiri 60 a ma'aunin Celsius na tsawon awa guda yake ciki. Amma dillali mai rajista ne ke yin hakan, a duba shi, a ba shi shaida. Rantsuwarka a bakin ƙofa ba ta zama shaida. Na biyu, wasu sun ji cewa gwamnatin tarayya ta janye takunkumin wannan ƙwaro a Janairun 2021, kuma ya riga ya game jihar, sai suka ce doka ta mutu. Tana nan da ranta, domin ba shi kaɗai ke hawa icce ba. Akwai cutar da ke busar da bishiyar oak, akwai wata malam-buɗe-littafi da ke manna ƙwanta a jikin ɓawo, tsutsotsinta su cinye ganyen daji. Mutum na iya ganin mil 10 ta yi tsauri, kuma icen da ake sayarwa a kusa ya fi tsada, wannan ba ƙarya ba ne. Amma wanda ya ga layin bishiyoyin ash a bushe a gefen titi zai yi wuya ya ce an yi zalunci.

Idan aka same ka da icen da bai cika ƙa'ida ba, ma'aikata na da ikon karɓe shi, ana kuma iya rubuta maka tara. Guntayen katakon gini busassu marasa ɓawo akan bari, gwargwadon ganin ma'aikaci. Katakon ɗora kaya na sito ba a yarda da shi ba, haka mai fenti ko magani ko gam, wanda hayaƙinsa guba ne a kan nama. Gawayin buhu bai shiga wannan doka ba, shi ne mafita mafi sauƙi. Wuta kuma sai a murhun gashi ko zoben ƙarfen da aka tanada, ba a ƙasa ko gindin bishiya ba.

Sauran ƙa'idojin ba su da sarƙaƙiya. Ana buɗewa ƙarfe 6 na safe a rufe 11 na dare ga wanda ba kwana zai yi ba. Sharar fikinik da kai za ta koma gida, a taho da leda. Kare sai da igiyar da ba ta wuce ƙafa 8 ba. Ba a tashin jirgi marar matuƙi don ɗaukar hoto. Jirgin ruwa mai injin fetur ba ya shiga tafkin. Mai kamun kifi da ya kai 16 sai da lasisi. 'Ya'yan itace da ake ci da naman kaza za ka iya tsinka da hannu don cin gida, amma fure da tsiro da dutse a bar su inda suke. Tuddan ƙasa masu siffar tsuntsu da dabbobi da ke filayen fikinik kuwa na kakannin 'yan asalin wurin ne, doka na kare su a matsayin makabarta, a hana yara hawa.

Abin da doka ba ta yi maka ba shi ne gadi. Babu mai ceto a wuraren ninƙaya, babu shinge a bakin duwatsun sama. Dutsen wurin mai launin shunayya ne, mai tauri da santsi, da zarar ya jiƙe silifas ba ya riƙe shi. Hanyar Balanced Rock gajera ce, ba ta kai rabin mil ba, amma matakalar dutse ce a miƙe, saukowa ta fi hawa wuya ga mai ciwon gwiwa ko mai goyo. Iyalin da ke da tsofaffi da ƙananan yara su bi Tumbled Rocks, wadda ke bin gaɓar yamma kusan mil guda a shimfiɗe. Layin dogon da ke gaɓar gabas kuma jirgi na bin sa har yanzu, tafiya a kansa laifi ne a dokar jihar, ko da ka ga wasu na yi.