Ma'anar "indie": ba daga Indiya kalmar ta zo ba

Kwanakin baya ina cikin a-daidaita-sahu, rediyo na kunne, sai mai gabatar da wani shirin nishaɗi ya sa waƙar wata Baturiya. Da ta ƙare ya ce wai wannan shi ne salon "indie", kiɗan da ya samo asali daga Indiya. Tunda manhajoji irin su Spotify da Audiomack suka shigo wayoyinmu kalmar ta cika ko'ina, kuma mu da muka tashi da finafinan Indiya ba za a ga laifin kunnenmu ba. Amma wanda aka ba makirufo ya yi wa dubban mutane magana, bincike ya wajaba a kansa.

An gutsuro kalmar ne daga "independent" ta Turanci, wato mai cin gashin kansa. Asalinta maganar kasuwa ce: faifan da ya fito ba ta hannun manyan kamfanonin waƙa ba, waɗanda yau uku ne suka rage, Universal da Sony da Warner. A Janairun 1977 wasu samari a Manchester da ke Ingila, ƙungiyar Buzzcocks, suka ranto kuɗi daga dangi da abokai, suka buga faifansu da kansu. Zuwa 1980 masu irin wannan sun yi yawa har aka ware musu jadawalin ciniki nasu a Birtaniya.

Ruɗanin Indiya mai sauƙin gyara ne. Wanda ya fi ci mini rai shi ne yadda aka mayar da kalmar sunan wani sauti. Da an ji jita tana ɗan kuka, an ji murya a kasalance kamar mai ita bai gama farkawa ba, sai a ce indie, ko da kuwa Universal ce ta biya kuɗin situdiyo kuma ita ke riƙe da hakkin mallakar waƙar. Ga mawaƙiya Adele kuwa, kamfanin XL da ya fito da ita a Birtaniya mai zaman kansa ne, amma ba ka taɓa jin an kira ta indie.

Idan ana son ganin ma'anar a jikin mutum, a dubi mawaƙiya Courtney Barnett. An haife ta a Sydney ta Ostireliya a 1987, ta yi ƙuruciyarta a can, ta koma Hobart tana 'yar shekara goma sha shida, sannan ta wuce Melbourne tana aiki a mashaya tana kaɗa jita a ƙungiyoyin wasu. Bahaguwa ce, a hagunce take riƙe jitar. A 2012 ta ranci kuɗi wajen kakarta ta buga faifanta na farko, ta kafa ɗan kamfani mai suna Milk! Records, wanda suka riƙe tare da mawaƙiya Jen Cloher. Da farko ofishin kamfanin cikin gida yake. Su ke naɗe faifai, su rubuta adireshi, su kai gidan waya. Zanen da ke bangon faifan ma da hannunta take yi.

Waƙar da ta fara fito da ita duniya a 2013 labari ne na ranar da ta fita gyaran lambu cikin zafi, numfashinta ya sarƙe, aka kira motar asibiti. Tana ba da shi kamar mai hira a ƙofar gida, rabi magana rabi rerawa. Ina ganin da a ce wani babban kamfani ne ke riƙe da aljihunta, da tun a ofis za a ce mata wannan ba zai sayu ba, ta je ta kawo ta soyayya. Kundinta na farko ya fito a Maris 2015, aka sa ta a takarar lambar yabo ta Grammy ta sababbin mawaƙa a 2016. Ko a nan ba ita kaɗai ta yi ba, don a Amurka kamfanin Mom + Pop ne ya raba mata faifan, shi ma mai zaman kansa.

Da wannan ma'aunin, yawancin mawaƙanmu na Kano da Kaduna indie ne tun ba su san kalmar ba, tunda su ke biyan situdiyo su ɗora a YouTube. Sai dai mawaƙin da ubangida ko ɗan siyasa ke ɗaukar nauyinsa, shi ke zaɓa masa wanda zai yaba da wanda zai yi wa habaici, ni dai ba zan kira shi mai cin gashin kansa ba don kawai ba shi da kamfani.

Kuma cin gashin kai na da tsada. Bayan kullen korona ya tsayar da wasannin dandali a Melbourne na watanni, riƙe ƙaramin kamfani ya ƙara wuya. A ƙarshen 2023 Barnett ta rufe Milk! Records, bayan shekara goma sha ɗaya tana fito da faifanta da na abokanta.